AJIYAR DA ALLAH YA NAƊE CIKIN JIKINMU DA HAƘƘIN ƳAƳANMU TUN KAFIN A ƊAURA AURE

Godiya da yabo sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya halicci kowane abu Ya sanya masa ma'auni, Yake rufe abin da Ya so, Yake buɗe abin da Ya so a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

A cikin garuruwanmu, tun daga Gangara da Gazawa, zuwa Agye da Cadawa, har Tibiri da Gidan Runji, akwai gidajen da ake haihuwar jariri lafiya lau, a yanka ragon suna, ya yi ta tsotso yana ƙiba har wajen wata shida. Daga nan sai hannuwansa da ƙafafunsa su kumbura, idanunsa su yi rawaya, ya riƙa kuka dare da rana. Sai zargi ya tashi. Wani ya ce kambun baka ne, wani ya ce iska ce, wani ya ce kishiya ce ta yi sammu, mafi yawan lokaci kuma a ɗora wa uwa, a ce nononta ne ba shi da kyau. Hujjar masu zargi ɗaya ce: yaron ai lafiya aka haife shi, to me ya same shi daga baya in ba hannun mutum ba?

Wannan tambaya tana da amsa, kuma amsar tana cikin wata aya daga ayoyin Allah da ke jikinmu. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratuz Zariyat, ya kira mu da mu yi duba cikin halittar kawunanmu. Saboda haka a wannan fitowa za mu yi wannan duba gwargwadon abin da masana ilmin halitta suka gano, sa'an nan mu auna shi da ma'aunin shari'a, mu ga abin da ya hau kanmu.

ZARE DA KWARKWARO

Jikin ɗan Adam, da na dukan dabbobi masu shayarwa, an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar ƙwaya akwai wata cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai wani zare wanda a jikinsa aka rubuta tsarin halittar mai jikin. Masana na kiran sa DNA, masu karatun Faransanci su ce ADN, mu kuwa za mu kira shi zaren gado. Haruffa 4 ne kawai ake rubutun da su. Kowane mutum ya karɓi haruffa wajen biliyan 3 daga mahaifinsa, da wasu kamar haka daga mahaifiyarsa, kuma a cikinsu akwai babi wajen 20,000, kowane babi yana bayanin yadda ake haɗa wani sinadarin ginin jiki, wato furotin.

Wannan zare an kasa shi dami dami, ana kiran kowane dami kuromosom. Na mutum 46 ne, 23 daga uba, 23 daga uwa. Na tunkiya 54, na akuya da saniya 60, na raƙumi 74. Lissafin nan ba wasa ba ne. Doki yana da 64, jaki yana da 62, idan aka haɗa su aka samu alfadari sai ya zo da 63, damman ba su daidaita biyu biyu ba, shi ya sa alfadari ba ya haihuwa. Jar akuyar Maraɗi kuma, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen ƙetare, tana haifar irinta shekara da shekaru domin ana kwafe wannan rubutu ana miƙa shi ba tare da ya watse ba.

Da za a warware zaren ƙwaya ɗaya tak ta mutum a miƙe shi, tsawonsa zai kai mita 2, alhali cibiyar da yake ciki faɗinta bai wuce kashi 1 cikin 100 na milimita ba. Domin mu fahimta, mu ƙaddara an ƙara girman su duka biyu sau 25,000. Zaren zai zama kamar silin gashi, tsawonsa kilomita 50, kusan tafiyar Maraɗi zuwa Gidan Runji, cibiyar kuwa ba za ta fi ƙaramar ƙwaryar fura ba. Wane gwanin masaƙi ne zai zuba wannan zare cikin wannan ƙwarya bai sarƙe ba, bai tsinke ba, kuma duk sa'ad da ake bukatar wani wuri a jikinsa a same shi nan take?

Hikimar da Allah Ya sanya ita ce wadda iyayenmu masu kaɗi da masaƙanmu suka sani: zare ba ya zama lafiya sai an naɗe shi a mazari ko kwarkwaro. A cikin cibiya akwai wasu furotin da ake kira histon. Guda 8 suke haɗuwa su zama kwarkwaro ɗaya, zare ya zagaye shi kusan sau biyu, tsawon haruffa 147, ya wuce zuwa kwarkwaro na gaba. Akwai irin waɗannan wajen miliyan 30 a ƙwaya ɗaya. Wani masani ɗan Amurka, Roger Kornberg, shi ya bayyana wannan tsari a 1974. Zaren tare da kwarkwaronsa shi ake kira kuromatin.

ABIN DA AKA RUFE DOMIN TSARO

Naɗin nan ba ɗaya ba ne ko'ina. Tun 1928 wani masanin tsirrai a Jamus, Emil Heitz, ya lura cewa wasu sassa na kuromatin a sake suke, wasu kuma a matse suke tamau ba su warwarewa. Duk wanda ya yi zaman makarantar zaure ya san misalin wannan. Littafin malam warƙa warƙa yake, ba a ɗinke ba. Warƙar da ake karatu ita kaɗai ake fitarwa, sauran suna cikin tadarishi, an ɗaure da tsirkiyar fata, an saka cikin gafaka. Da za a bar su duka a shimfiɗe, iska ɗaya ta bazara ta isa ta haɗa babin tsarki da babin gado.

Haka jiki yake yi. Ƙwayar hanta da ƙwayar ido da ƙwayar ƙashi duk littafi ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya bambanta su shi ne wace warƙa aka buɗe, wace aka ɗaure. Kuma akwai ma'aikata da aka ɗora wa wannan ɗauri. Wani furotin yana bi yana buga tambari a jikin histon na wurin da za a rufe. Wani kuma, wanda ake kira HP1, yana gane tambarin, ya kama wurin, ya jawo kwarkwaro kusa da kwarkwaro har su dunƙule, sa'an nan ya sake kiran mai tambari ya buga wa na kusa. Da haka ɗaurin yake yaɗuwa har iyakar da aka yanka masa, kuma idan ƙwaya ta rabu biyu, kowace ɗiya tana gadon ɗaurin a wurinsa.

To, me aka rufe, kuma don me? Kusan rabin zaren gadonmu maimaici ne, kuma da yawa daga cikinsa wasu guntaye ne masu ɗabi'ar kwafe kansu su faɗa wani wuri dabam. Wata mata masaniya, Barbara McClintock, ita ta fara gano irinsu a jikin masara, aka ba ta kyautar Nobel a 1983. Idan irin wannan guntu ya faɗa tsakiyar babi mai amfani, ya ɓata shi. Ɗaurin nan shi yake tsare su a inda suke. Na biyu, kowane dami yana da ƙugu, wurin da igiyoyi suke kamawa su ja shi idan ƙwaya za ta rabu biyu, kuma gefen ƙugun nan a matse yake domin rabon ya tafi daidai, kowace ɗiya ta samu 46 cif.

Masana a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ƙarƙashin Thomas Jenuwein, sun gano mai buga tambarin nan a 2000. A 2001 suka fito da sakamakon gwajin da suka yi da ɓeraye waɗanda aka cire musu shi. Da yawa ba su rayu ba. Waɗanda suka rayu sun tsumbure, lissafin dammansu ya riƙa rikicewa wajen rabo, mazan suka kasa haihuwa, wasu kuma ciwon daji ya kama su. Rubutun babobinsu yana nan, ɗauri kawai aka kwance, amma gida ya rushe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai ma alamar wannan ɗauri tana yawo a tsakar gidajenmu. Mace, a cikin mutane da dabbobi masu shayarwa, tana da dami biyu da ake kira X, namiji yana da ɗaya. Domin kada aikin ya ninka, tun tana gudan jini a ciki kowace ƙwaya tata take dunƙule ɗaya daga cikin biyun ta ajiye shi gefe. Mary Lyon ta Ingila ta bayyana haka a 1961. A jikin kyanwa, babin da ke zaɓe tsakanin jan gashi da baƙi yana kan wannan dami, sai wani wuri a fatarta ya rufe na uba, wani wuri ya rufe na uwa. Shi ya sa kyanwa mai dabbare dabbaren ja da baƙi kusan kullum mace ce. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya sanya aya har a bayan kyanwa.

ƘOFAR DA AKE RUFEWA BAYAN HAIHUWA

Yanzu mu koma ga jaririnmu. Jajayen ƙwayoyin jini a cikin ɓargo ake yin su. Ƙwaya tana karanta babin wani furotin mai suna hemogulobin, wanda shi ke ɗaukar iskar numfashi daga huhu zuwa gaɓoɓi. Idan ta cika kanta da shi, sai ta matse littafinta gaba ɗaya ta jefar da cibiyar, ta fita aiki cikin jijiyoyi na kwana wajen 120. Wannan ɗabi'ar masu shayarwa ce. Jinin kaza da na zabo da cibiyarsa yake yawo.

A kan dami na 11, Allah Ya jera babobi na hemogulobin kusa da juna. Akwai na zaman ciki, wanda ya fi ƙarfin jawo iska daga jinin uwa, akwai na zaman duniya. Muddin ɗa yana ciki, na farko ne a buɗe. Daf da haihuwa sai canjin aiki ya fara: wani furotin da ake kira BCL11A ya zauna a bakin babin zaman ciki, ya kira ma'aikatan ɗauri su naɗe wurin, a lokaci guda kuma babin zaman duniya yana ƙara buɗewa. Ɗaurin bai kai tsananin wanda muka ambata a baya ba, amma hanyar ɗaya ce. Canjin yana ɗaukar watanni, kuma yakan kusa kammala wajen wata shida bayan haihuwa.

Ciwon amosanin jini, wanda ake kira sikila, mu nan Nijar mukan ce emasi, yana cikin babin zaman duniya ne. Harafi ɗaya tak ya sauya a cikin babin. Wanda ya gaji wannan sauyi daga uba da uwa duka, hemogulobin nasa yakan sandare idan iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ciwon ƙashi da ƙarancin jini da rawayar ido suke fitowa.

Ga amsar tambayarmu ke nan. Jaririn da ciwonsa aka haife shi, amma babin da ke da matsalar bai gama buɗewa ba, jinin zaman ciki ne yake kare shi. Da aka rufe waccan ƙofa sai abin da ke rubuce ya bayyana. Wata likitar yara a birnin Niyok, Janet Watson, ta lura da wannan tun 1948, aikin BCL11A kuma aka tabbatar da shi a 2008 a birnin Boston. Babu maye a cikin lamarin, babu kishiya, kuma nonon uwa ba shi da laifi. Hasali ma shi ne mafi alherin abin da yaron yake samu. Duk wanda ya jefi wata baiwar Allah da maita ko sammu a kan wannan, lalle ya ɗauki zunubin ƙazafi, kuma ya wajaba ya tuba ya nemi gafararta.

YADDA AKE GADONSA

Wanda ya gaji babi lafiyayye daga iyaye biyu, likitoci na rubuta masa AA. Wanda ya gaji lafiyayye ɗaya da mai sauyi ɗaya, AS ne. Wannan lafiyarsa lau, yana noma, yana dako, yana iya tsufa bai san yana ɗauke da kome ba. Har ma Allah Ya sanya masa wata rahama: wani likita, Anthony Allison, ya nuna a 1954 a gabashin Afirka cewa yaro AS ya fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wannan ne dalilin yawan masu ɗauke da shi a ƙasashen sauro irin namu. Wanda ya gaji mai sauyi daga ɓangare biyu shi ne SS, mai ciwon. Akwai kuma wani sauyin da ake rubutawa C, wanda idan ya haɗu da S shi ma yana kawo ciwo.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa SS, kashi 2 na zuwa AS, kashi 1 na zuwa AA. A lura, kowane ciki da nasa lissafin. Ana iya haihuwar biyar ba a samu mai ciwo ba, ana iya samun uku a jere. Idan kuwa ɗaya daga cikin ma'aurata AA ne, ba za a haifi SS ba, ko da ɗayan SS ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2006, ta ƙiyasta cewa a Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da S, kuma ana haihuwar yara wajen 150,000 da ciwon kowace shekara. Mu da Katsina da Daura da Gobir ta kudu jini ɗaya ne, muna aurayya, iyaka ba ta tace jini.

Annabi (S.A.W.) ya riga ya koya mana cewa siffa tana iya ɓuya a cikin zuriya ta fito daga baya. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani baƙauye da ya zo yana shakkar ɗansa saboda launinsa ya saɓa da nasa. Manzon Allah ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan ya fito, shi da bakinsa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta jawo shi. Sai Annabi ya nuna masa cewa ɗansa ma haka ne, bai ba shi damar kore shi ba. Dubi yadda aka kare mutuncin mace da ilmin gado. Mijin da yake cewa a danginsu babu wannan ciwo, daga wajen matar ne, ya sani cewa ɗa ba ya zama SS sai da rabon uba a ciki.

ƘADDARA DA RIƘON SABABI

Wani zai ce: ciwo da lafiya na Allah ne, gwajin jini kafin aure shisshigi ne cikin gaibu. Muna cewa: gaskiya ne babu abin da yake samun bawa sai da ƙaddarar Allah, wannan rukuni ne na imani. Amma abin da yake rubuce a jininka yau, wanda ma'aikacin lafiya yake gani da na'ura, ya fita daga gaibu, kamar yadda manomi yake duba iri kafin shuka ya ware mai ƙwari. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya nufi Sham, ya samu labarin annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'a. Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa.

Malamanmu sun lissafa kiyaye rai da kiyaye zuriya cikin manyan manufofi biyar na shari'a. Kuma littattafan da muke karantawa a zaure, Risala da Muhtasar, sun yi maganar cututtukan da suke ba da zaɓi a aure, abin da ke nuna cewa duba lafiya kafin ɗaurin aure ba baƙon abu ba ne a fiƙihu. Ƙasar Saudiyya ta wajabta wannan gwaji kafin aure tun 2004. Jihar Kano ta kafa dokarsa a watan Mayu na 2024.

Sai dai mu tsaya inda shari'a ta tsaya. Ba mu ce auren AS da AS ɓatacce ne ba, ba mu da ikon haramta abin da Allah bai haramta ba. Ba mu kuma hana auren zumunta ba, Sayyidina Aliyu da Nana Faɗima (R.A.) ƴan gida ɗaya ne. Abin da muke cewa shi ne, ƴan kaka ɗaya sun fi kusa da ɗaukar abu ɗaya, don haka su suka fi bukatar gwaji. Kuma wanda ya sani ya shiga da saninsa, to ya san cewa mai ɗaukar nauyin zaɓinsa wani ƙaramin yaro ne da ba a yi shawara da shi ba.

Game da magani, Allah bai rufe ƙofa ba. Tun da aka gane cewa babin zaman ciki ɗaure shi kawai aka yi, ba a goge shi ba, masana suka nemi hanyar sassauta ɗaurin. Maganin da ake kira haidiroksiyuriya yana ƙara jinin zaman ciki, yana rage yawan tashin ciwo, kuma likitocin Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu asibitocin birnin, sun gwada shi wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, aka ga amfaninsa. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy: a ɗebi ƙwayoyin ɓargon majinyaci, a raunana aikin BCL11A a cikinsu, a mayar masa, sai tsohuwar ƙofa ta sake buɗewa. Amma kuɗin da aka sa masa a Amurka ya haura dalar Amurka miliyan 2 ga mutum ɗaya. Wanda yake sayar da tiya biyu ta gero kafin ya sayi ƙinin, ya san cewa rabonsa yana cikin rigakafi.

ABIN DA MUKE KIRA GARE SHI

1. Iyaye da waliyyai: a yi gwaji tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, tun kafin a sa rana, tun zukata ba su ƙullu ba. Gwajin da aka yi ana saura kwana uku biki fitina yake haifarwa. A tambayi ma'aikatan lafiya na gunduma inda ake yin sa. Idan sai an je Maraɗi, babbar hanyar kwalta ta ratsa Gazawa da Agye da Gidan Runji, kuma kuɗin motar bai kai na turmin atamfa ɗaya na lefe ba.

2. Limamai da masu ɗaura aure: mu riƙa tambaya cikin hikima tun lokacin da aka zo mana da maganar, kamar yadda muke tambayar idda da waliyyi.

3. Sakamakon gwaji amana ne. Ubangijin da Ya suturta abin da ke cikin ƙwayar jikinmu Yana son sutura. Idan jini bai dace ba, a rabu da mutunci, kada a yi ta yayatawa a majalisa da bakin rijiya. Yarinya AS ba ta da aibi, kuma mai SS, namiji ko mace, yana da haƙƙin aure. Wanda ya ɓoye sakamako ko ya sayi takardar ƙarya kuwa ya yi algus, kuma algus haramun ne.

4. Waɗanda suka riga suka yi aure: wannan magana ba kiran saki ba ce. Ku je a gwada ku, a gwada ƴaƴanku tun suna jarirai, ku nemi shawarar likita tare.

5. Mai ɗa SS: ya kwana cikin gidan sauro, a cika masa allurar rigakafi, a karɓar masa maganin zazzaɓi na damina da ake rabawa, a ba shi ruwa da yawa, a lulluɓe shi lokacin ɗari. Zazzaɓi, ko numfashi da ƙyar, ko kumburin saifa, ko fari fat na tafin hannu, duk na gaggawa ne, a nufi likita ko da tsakar dare. Kada a yi masa tsaga ko ƙaho, domin mai ƙarancin jini ba a rage masa jini. Kada a saya masa maganin da muka ambata a kasuwa. Likita ne ke rubuta shi yana auna jini. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, biyun ba sa karo.

6. Azumi: ƙishirwa tana tayar da wannan ciwo. Idan amintaccen likita ya ce azumi zai cutar da shi, yana cikin marasa lafiyar da Allah Ya yi wa rangwame. Kada a kunyata shi.

7. Mawadata da ƙungiyoyin masallatai: iyalin da ke jinyar mai sikila suna cikin mafi cancantar zakka da sadaka idan mabuƙata ne. Masu lafiya su ba da jini. Mu kuma tura ƴaƴanmu, maza da mata, karatun likita, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo nan kusa da mu a Maraɗi, domin wannan ilmi farilla ce ta kifaya.

Ya ƴan'uwa, Allah Ya sanya masu tsaro a kan rubutun da ke jikinmu, suna ɗaurewa suna kwancewa dare da rana, ba mu biya su ba, ba mu ma san da su ba. Ɗan abin da Ya bari a hannunmu shi ne zaɓen wanda za mu haɗa jini da shi, da kyautata wa wanda aka jarraba. A kan wannan za a tambaye mu.

Ya Allah, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka sanya ciwonsu ya zama kankarar zunubi, Ka ba iyayen da suke kwana zaune haƙuri da lada. Ka jiƙan ƴaƴanmu da suka riga mu, Ka sanya su masu ceto. Ka azurta mu da zuriya ɗayyiba, Ka tsare harsunanmu daga ƙazafi, Ka ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Allah Ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.